Obakulok a zafin Accra: nawa ya rage a jikin furosesa mai araha?

Bayan sallar isha'i ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida a Nima, waya a hannu, yana murmushin wanda ya tsinci dami a kala. Talla ya gani a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Core i5-4690K, na hannu, farashi da sauƙi. "Kawu, dubi K ɗin nan. Buɗaɗɗe ne fa. Na ga wani a YouTube ya kai gudunsa 4.5, kyauta." Kwamfutarsa irin ta ofis ce da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema, wadda 'yan kasuwar Circle ke kira hom-yus, da i5-4590 a ciki. Ya riga ya bincika, soket ɗinsu, wato gurbin da ake dasa su, ɗaya ne, LGA1150. A lissafinsa, cire wannan, saka wancan, shi ke nan.

Na tambaye shi wane bod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, zai ɗora shi a kai, wace fanka za ta sanyaya shi, wane fawa fak zai ba shi wuta. Ya yi shiru. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma da kalmar "kyauta" aka ja ni cikin wannan harka. Gudun da ake ƙara wa furosesa, wanda masu abin ke ce wa obakulok, gaskiya ne yana nan, amma yawansa ya dogara da shekarar da aka ƙera furosesa ɗin, da abin da ke kewaye da shi, da kuma ɗakin da aka ajiye shi. Na ukun ne ba a cika faɗa wa mutanen Accra ba.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Akwai bugun tushe, wanda a kwamfutocin zamani yake 100 MHz, akwai kuma lambar ninki. Ka ninka 100 sau 32, ka sami 3.2 GHz. Furosesa kullalle ba ya yarda ka taɓa lambar ninkin ta wuce iyakar da kamfani ya sa. Buɗaɗɗe kuwa, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka mayar da 32 ta zama 44, sai ya yi ƙoƙarin gudu a 4.4 GHz. A wurin Intel, harafin K a ƙarshen suna shi ne alamar buɗaɗɗe. A wurin AMD, kusan dukan Ryzen na tebur a buɗe suke tun 2017, in ka cire 'yan kaɗan irin su 5800X3D.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya sa tun farko za a sami rarar gudu a jikin abin da aka sayar da araha? Duk wanda ya taɓa zama wurin masu zaɓen goro ya san amsar. Huhu ɗaya ake kwancewa, a ware marsa gefe, a ware minu gefe, kowanne da kuɗinsa. Haka ake yi a masana'anta: faifan siliki ɗaya ne ake yankawa gida ɗaruruwa, a gwada kowane yanki, wanda ya yi gudu sosai da ƙaramin boltej a sa masa babban suna da babban farashi, wanda ya gaza a rage masa suna. Inda abin ya bambanta da goro shi ne, idan masana'anta ta ƙware, yawancin abin da take fitarwa marsa ne, alhali kasuwa ta fi neman mai araha. Sai dole a ɗauki mai kyau a rubuta masa ƙaramin gudu a sayar da shi a kuɗin minu. Bayan haka kamfani kan bar wani tazara da gangan, domin abin ya yi aiki ko a ɗaki mai zafi, ko da fanka mara kirki, har shekaru. Waɗannan biyun su ne rarar da mai obakulok ke ci. Ka riƙe na biyun a zuciya, za mu dawo kansa.

A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A, mai gudun 300 MHz. Lambar ninkinsa a kulle take a 4.5, amma mutane suka gano in ka ɗaga bugun tushe daga 66 zuwa 100 MHz, sai ya koma 450 MHz ya zauna daram, yana kafaɗa da kafaɗa da Pentium II 450 mai tsadar gaske. Ƙarin rabi cur. Kullewar ma ba don masu wasa aka fara ta ba. 'Yan damfara ne ke goge rubutun jikin ƙaramin furosesa su buga babbar lamba su sayar, shi ya sa kamfanoni suka fara sa kwaɗo. A wajen 2000 masu Athlon da Duron na AMD har da fensir suke buɗe nasu, su zana layi su haɗa 'yan gadojin da aka yanke a saman furosesa. Daga baya Intel ta ga cewa abin da mutane ke sata za a iya sayar musu da shi. A Janairun 2011 ta kawo Core i5-2500K a kan dala 216, mai 3.3 GHz, wanda da fanka mai ɗan kyau yawanci yake kai 4.5. Har yau ana tsintar sa a shagunan Circle da Lapaz, kuma har yau sunansa na da kwarjini wurin tsofaffin hannu.

Amma wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne Pentium G3258 na 2014, wanda aka fitar don bikin cikar sunan Pentium shekara 20. Dala 72 kacal, ƙwaya biyu (wato ƙananan injuna biyu masu aiki a cikinsa), 3.2 GHz, kuma a buɗe. Masu ƙera bod suka ƙara wa miya gishiri, suka fitar da BIOS da ke ba da damar obakulok a kan ƙananan bod irin H81 da B85, waɗanda a ƙa'idar Intel ba su da wannan izini. Ni da kaina na haɗa ɗaya a 2015, a tsakiyar dumsor, lokacin da wuta ke yin awa 12 ta tafi ta yi 24. Na kai shi 4.4 GHz a kan boltej 1.3, ƙarin kusan kashi 38 cikin 100. A duk aikin da ƙwaya ɗaya ke yi, yana bin sawun furosesan da suka ninka shi kuɗi sau uku. Na yi alfahari da shi ƙwarai, har ina kiran abokai su zo su ga lambar a manhajar CPU-Z kamar wanda ya yi sabuwar mota.

Sai dai ƙwaya biyu ƙwaya biyu ce. A ƙarshen shekarar da ya fito, gem ɗin Far Cry 4 ya zo ya ƙi tashi a kan furosesa mai ƙwaya biyu zalla, sai baƙin allo, har sai da mutane suka ƙirƙiro dabarar kewayewa. Wasu gem ɗin suna tashi, lambar hotuna a daƙiƙa ta yi kyau a ido, amma wasa na tafiya yana sarƙewa. Da Windows 10 ta fito a 2015, wasu masu G3258 a kan ƙananan bod suka sha fama da kwamfuta mai kunna kanta tana kashewa, saboda sabon gyaran da ya zo a cikinta bai jitu da wannan obakulok na bayan fage ba. Darasin G3258 ke nan a wurina: gudu na ƙara wa kowace ƙwaya ƙarfi, amma ba ya haifar da ƙwaya ta uku. Jaki biyu komai saurinsu ba za su kwashe kayan jaki shida a sawu ɗaya ba.

Abin da Intel ta yi bayan nan bai cancanci dogon bayani ba. Core i3-7350K na farkon 2017, ƙwaya biyu, dala 168. Core i3-8350K na ƙarshen shekarar, ƙwaya huɗu, shi ma dala 168, ba fanka a kwali, kuma sai bod mai harafin Z, irin wanda Intel ta yarda a yi obakulok a kansa. A gefensa ga i5-8400 mai ƙwaya shida a dala 182, da fankarsa. Wanda ya iya lissafi ya san inda zai kai kuɗinsa. Ƙofar bayan gida kuma, duk lokacin da aka buɗe sai a rufe: a ƙarshen 2015 an gano hanyar ɗaga bugun tushe a kan kullallun furosesan ƙarni na shida, a farkon 2016 Intel ta toshe. A 2022 Bajamushen nan da aka fi sani da der8auer ya nuna Celeron G6900 mai 3.4 GHz ya haura 5 GHz ta irin wannan hanya, amma sai a kan wasu 'yan bod masu na'urar bugu ta daban, waɗanda kuɗinsu ya ninka na Celeron ɗin. Abin kallo ne, ba abin saye ba.

AMD ce ta dawo wa talaka da wasan. Ryzen 3 1200 na 2017, dala 109, ƙwaya huɗu, 3.1 GHz, yawanci yana kai 3.8 zuwa 3.9 a kan bod B350 mai sauƙin kuɗi, sau da yawa da fankar da ya zo da ita. Ryzen 5 1600 mai ƙwaya shida shi ma haka. Amma duka suna da katanga wajen 4.0 GHz, ko ka zuba musu boltej kamar ruwa ba sa tsallakewa, domin iyakar fasahar 14nm da aka ƙera su da ita ke nan. A Nuwambar 2019 aka kawo Athlon 3000G a dala 49, buɗaɗɗe, 3.5 GHz, mai iya taɓa wajen 3.9 ko 4.0. A kula da abu ɗaya a nan: bod A320 da A520 ba sa barin a taɓa lambar ninki. Mai shago zai ce maka Ryzen a buɗe yake, kuma bai yi ƙarya ba, amma in ya haɗa maka shi da A320 ya ba ka mabuɗi ne ba ƙofa. B350, B450, B550 ko masu harafin X ake nema.

Daga 2019 labari ya canza, kuma wannan ne abin da bidiyoyin da yaran Zango ke kallo ba sa fitowa fili su faɗa. Ryzen 5 3600 yana da 3.6 GHz a rubuce, amma da kansa yake hawa har 4.2 in ya ga hali. Akwai na'urorin awo a cikinsa masu duba zafi, da wutar da yake ja, da boltej, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, yana ƙara gudu yana ragewa daidai da abin da ya gani. Ma'ana, obakulok ɗin da muke yi da hannu muna kwana a kai, yanzu furosesa ne ke yi wa kansa tun daga kwali. In ka ɗaure dukan ƙwayoyin 3600 a 4.1 ko 4.2, ka ɗan samu a aikin da ke cin ƙwaya duka, amma kana iya yin asara a aikin ƙwaya ɗaya, ga ƙarin zafi. Gasa tsakanin kamfanonin biyu ta sa kowa ya daina barin marsa a kwandon minu. Wani shago a Amurka mai suna Silicon Lottery, wanda sana'arsa ita ce ya sayi furosesa da yawa ya gwada ya ware masu kyau ya sayar da tsada, ya rufe a ƙarshen Oktoban 2021, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa rarar ta ƙare. A shekarar ce kuma Intel ta daina sayar da inshorar da take yi wa masu obakulok. Har ma abin ya wuce gona da iri: a 2024 Intel ta amsa cewa wasu furosesanta na ƙarni na 13 da 14 suna lalacewa saboda boltej ya yi yawa, ba tare da mai su ya taɓa komai ba, ta fitar da gyara ta kuma ƙara garanti shekara biyu. Kamfani da kansa ya cinye tazarar da a da yake bari.

To yanzu mu dawo gida, inda nake ganin maganar ta fi nauyi.

Wutar da furosesa ke ci, wadda duk zafi take komawa, tana tafiya da gudu, amma tana tafiya da boltej ninki biyu, wato boltej sau boltej. Ɗauki G3258 ɗina misali. Ce yana 3.2 GHz a boltej 1.05, na kai shi 4.4 a 1.3. Gudu ya ƙaru da kashi 38, amma in ka buga lissafin za ka ga wutar ta haura ninki biyu. In na yi kwaɗayin 4.6, wanda zai nemi wajen 1.4, ƙarin gudun bai kai kashi 5 ba, ƙarin wutar kuwa ya wuce kashi 20. Matakan farko kusan kyauta ne, na ƙarshe su ne masu tsada, kuma su ne ake nunawa a bidiyo. Ga wani mugun zagaye kuma: siliki in ya yi zafi yana ƙara yoyon wuta, yoyon ya ƙara zafi, zafin ya sa a buƙaci ƙarin boltej kafin gudun ya zauna.

Wanda ya ɗauki bidiyon nan a Jamus ko Kanada, ɗakinsa bai wuce digiri 21 ko 22 ba. A Accra, daga Fabrairu zuwa Afrilu, zafin rana a waje kan kai 32 ko 33, ga laima a iska. Shiga ɗaki mai rufin kwano a Nima ko Maamobi ko Sabon Zango da ƙarfe biyu na rana, taga ɗaya, gidaje manne da juna, ka gaya mini nawa ne. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa ta cikin ƙarfe. Duk digiri ɗaya da ɗakinka ya fi nasa, digiri ɗaya ne a kan furosesa. In shi ya ga digiri 78 a gwaji, kai za ka ga wajen 90 da kaya iri ɗaya sak, alhali furosesan Intel na wancan zamani a 100 suke fara rage gudu da kansu, yawancin ƙananan Ryzen kuma a 95. Ka tuna tazarar nan da na ce kamfani na bari saboda ɗaki mai zafi? Mu ne ɗaki mai zafin. Abin da Bature ke ɗauka a matsayin rara, mu mun riga mun kashe wani kaso nasa kafin mu shiga BIOS.

Ƙura kuma ta zo ta ɗora nata. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu na shiga ko'ina, ya toshe tsakanin ƙarafan fanka kamar auduga. Damina ta zo, laima ta jiƙa ƙurar ta zama laka, a unguwannin da ke kusa da teku kuma har da gishiri mai cin ƙarfe. Saitin da ya zauna lafiya a watan Agusta, lokacin da gari ya yi sanyi, shi ne zai riƙa kashe kwamfuta a watan Maris, mai ita ya yi ta zargin bairos.

Akwai wani sashe na bod da ba a cika kallo ba, 'yan ƙananan ƙarafa da ke kewaye da soket, waɗanda ake kira VRM. Aikinsu su karɓi bolt 12 daga fawa fak su sauke shi zuwa ɗan abin da furosesa ke sha. A bod mai araha 'yan kaɗan ne, kuma sau da yawa tsirara suke ba ƙarfen sanyaya a kansu. Abin dariya, in ka cire fankar kamfani mai hura iska ƙasa ka sa doguwa irin Hyper 212, furosesa zai yi sanyi amma VRM ya rasa iskar da yake samu a da. Na sha ganin kwamfutar da furosesa ke 70 amma gudu na faɗuwa, ashe bod ne ke neman ceto. Fawa fak kuwa, waɗannan marasa nauyi da ake rubuta wa 500W ko 650W a jiki, ɗauke shi a hannu ka ji kamar gwangwanin madara, kada ka ɗora masa obakulok. Wutarmu bolt 230 ce a takarda, amma kowa ya san yadda ƙwan ɗaki ke dushewa da magariba, da yadda take dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Na taɓa rasa bod da fawa fak a dare ɗaya ta haka, garin neman gira na rasa ido. Kuɗin fawa fak na kirki da sitabilaiza ko UPS yana cikin kuɗin obakulok, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Mita ma na da bakin magana. Ga mai kwamfuta ɗaya a ɗaki, ƙarin ba wani abu ba ne. Amma ɗauki mai gidan gem da ke da inji goma, yara na buga FIFA daga safe har dare. In kowane inji ya ƙara wat 40, awa 10 a rana, kwana 30, ka sami yunit 12 a kowane inji, 120 a duka, a kan kuɗin wuta na 'yan kasuwa, kuma duk wannan zafin a cikin shagon zai zauna. Yaran kuma ba za su ga bambanci ba, domin a irin waɗannan injuna katin girafik ne ke riƙe da wasan, ba furosesa ba.

Wannan ya kawo mu kan kwamfutar ɗan ƙanwata. Injunan ofis irin OptiPlex da EliteDesk da ThinkCentre, waɗanda suka cika shagunan Tip Toe Lane da ke Circle, an yi su ne don banki da ma'aikata, su yi shekaru ba matsala. BIOS ɗinsu ba shi da wurin taɓa lambar ninki ko boltej sam. Ka saka 4690K a ciki, in ya tashi, zai yi gudunsa na kwali, 3.5 zuwa 3.9 GHz, wato 200 MHz kawai sama da 4590 ɗin da ka cire. Kafin ka ga 4.4 ko 4.5 sai ka sayi bod mai barin obakulok irin Z87 ko Z97, wanda yanzu ya yi wuya kuma masu shi sun san darajarsa. Bod ɗin ba lalle ya zauna a akwatin ofis ba, sai sabon akwati. Fawa fak na yawancin waɗannan injuna filoginsa na daban ne, sai sabo. Sai fanka. Ka tara duka, ka biya kuɗin sabuwar kwamfuta don ƙarin kashi 20 a kan ƙwaya huɗu na 2014, da RAM irin DDR3, a kan injin da ba ya cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su, ga shi Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10. Duk wanda ya ga yadda sidi ta zube a 2022, daga wajen 6 a dala ɗaya zuwa sama da 14 kafin shekara ta ƙare, ya san kayan kwamfuta a nan da dala ake auna su. Kuɗin da aka zuba a matacciyar hanya ba ya dawowa.

Kuma furosesa mai K na hannu yana da tarihin da ba a rubuta a jikinsa. Wanda ya saye shi sabo, don obakulok ya saya. In ya yi shekara biyar yana ba shi boltej 1.4 da zafi, siraran hanyoyin wuta na ciki sun gaji, sai ka ga abin da a da yake yi a 1.25 yanzu sai 1.32. Daga ƙarni na uku zuwa na takwas Intel man shafawa ta sa tsakanin siliki da murfin ƙarfe maimakon dalma, shi ya sa wasu ke ɓalle murfin su canza man. In ka ga alamar gam a gefen murfi, an taɓa buɗe shi. A wurina i5 kullalle da ya fito daga ofis, wanda bai taɓa yin aikin da ya wuce Excel ba, ya fi kwanciyar hankali.

Ba ina cewa ba sauran abin ci a harkar ba. Akwai, sai dai ya koma wani wuri. Na farko RAM. Mutane da yawa na sayen DDR4 mai lamba 3200, su saka, ya yi ta gudu a 2133 ko 2400 shekara da shekaru, domin ba su kunna XMP, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa, a BIOS ba. Danna abu ɗaya ne. A kan Ryzen ribar ta fi yawa, saboda hanyar da ke haɗa sassan furosesa da gudun RAM take tafiya, kuma a ƙarni na 3000 da 5000 wajen 3600 ne wuri mai daɗi. Intel ma tun 2021 ta bar bod B560 su yi wannan. Sannan sandar RAM biyu na 8 GB sun fi sanda ɗaya na 16 GB, domin hanya biyu ake buɗewa maimakon ɗaya. Masu shago sun fi son ba ka sanda ɗaya, ka nace.

Inda wannan ya fi tasiri shi ne wurin wanda ba shi da kuɗin katin girafik, kuma mu ne da yawa. Ryzen 3 2200G na 2018, dala 99, yana da girafik a cikinsa, Vega 8, mai gudun 1100 MHz, wanda sau da yawa yake kai 1500. Girafik ɗin ba shi da ma'ajiyarsa, RAM ɗin kwamfuta yake ara. Ka ba shi sanda biyu masu sauri, ka ɗaga girafik ɗin, ka bar ƙwayoyin furosesa yadda suke don kada su raba zafi, za ka ga gem ɗin da ke tafiya da ƙyar ya zama abin bugawa. Wannan ne obakulok ɗin da ido ke gani ba sai an buɗe CPU-Z ba, kuma a ganina shi ne wanda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu.

Na biyu kuma, wanda ya fi dacewa da garinmu, shi ne a bi hanyar a juye, a rage boltej. Tun da furosesan zamani da kansu suke hawa in sun ji sanyi, to ka rage musu zafi su hau. A Ryzen 5000 akwai Curve Optimizer, inda ake rage boltej mataki-mataki har zuwa mataki 30. Ryzen 5 5600 da aka rage wa 15 ko 20, in ya ɗauka, zai yi sanyi, fanka ta rage ihu, kuma ya daɗe a saman gudunsa na 4.4 fiye da da. Ba kowane ne ke ɗaukar lamba ɗaya ba, nan ma zaɓen goro ne, kuma rashin zamansa kan bayyana ne lokacin da kwamfuta ke zaune ba ta komai, sai ka ga ta sake kunna kanta.

Ko wacce hanya ka bi, gwaji wajibi ne, kuma da rana tsaka za ka yi shi, ba da asuba ba. Manhajar HWiNFO a buɗe kana kallon zafi, manhajar gwaji irin OCCT ko Prime95 na aƙalla awa guda, MemTest86 in ka taɓa RAM. Mataki ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta a takarda, ka kuma san inda batirin bod yake don ranar da allo zai ƙi kawowa. Kwamfutar da ta mutu a tsakiyar gem ba ta yi ɓarna ba. Wadda ake tsoro ita ce mai yin kuskure shiru, ta lalata fayil ba ka sani ba. In da injin kake gyara bidiyon bikin mutane, ko kake riƙe lissafin shagon Alhaji, bar shi yadda kamfani ya yi shi.

Ɗan ƙanwata bai sayi 4690K ɗin ba. Mun buɗe injinsa muka hure ƙurar hunturu biyu, muka canza man da ya bushe ya zama kamar alli, ya sayi sanda ta biyu ta RAM, sauran kuɗin ya bar su a asusun wayarsa na MoMo yana tara na B450 da Ryzen na hannu. Amma ƙaiƙayin bai bar shi ba, don haka na zaro masa tsohon G3258 ɗina da bod ɗinsa daga ƙarƙashin gado, na ce ya je ya koya a kan abin da in ya ƙone ba mai kuka. Bayan kwana uku ya turo mini hoto da ƙarfe ɗayan dare: 4.5 GHz, da alamar wuta guda biyar. Washegari bayan azahar ya sake turowa, allo shuɗi. "Kawu, jiya fa lafiya lau yake." Na ce ya sauke zuwa 4.3 ya sake gwadawa da ƙarfe biyu, ya kuma buɗe taga.